Agatha Christie, Matar da Ta Haɗa Tonon Kufai da Tonon Asiri

'Yan'uwana mata, yau ga tarihin wata Baturiyar Ingila, Agatha Christie, wadda aka haifa a garin Torquay a 1890. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti. Nan ta naƙalci guba iri-iri, sanin da ya amfane ta wajen rubuta labarun binciken kisan kai.

A 1928 aurenta ya mutu, mijin ya auri wata, ga ta da 'ya ɗaya. Ba ta zauna tagumi ba. Ta kama hanya ita kaɗai har Bagadaza, ta ziyarci kufan tsohon birnin Ur, inda masana ke haƙa. Da ta koma a 1930 ta sadu da Max Mallowan, masanin kayan tarihi, suka yi aure a wannan shekara.

Shekara da shekaru tana bin sa wuraren haƙa a Iraƙi da Siriya. Ita ke ɗaukar hoto, ta harhaɗa fasassun tukwane, ta goge sassaƙen hauren giwa na birnin Nimrud da man shafawarta na fuska. Mai haƙa da mai binciken kisa kuwa aikinsu ɗaya ne: duban ɗan abin da ya saura, har a gano abin da ya auku. A littafinta na 1936, Murder in Mesopotamia, cikin sansanin mahaƙa aka yi kisan, wanda ya aikata kuma yana cikinsu.

Ta rasu a 1976, ta bar littattafan bincike 66. Mutuwar aure dai ba ƙarshen mace ba ce.