Malam Muhammadu Alkashinawi, Masanin Lissafi

A farkon ƙarni na 18 an yi wani malami a ƙasar Katsina, sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Bafillace ne. Larabawa suna kiransa Alkashinawi, watau Bakatsine. A zamaninsa Katsina babban birni ne na ciniki da karatu, fatake da almajirai suna zuwa daga nesa. Hasumiyar Gobarau wadda ke tsaye har wa yau ta riga shi zuwa duniya. Ko masarautar Gumel ba a kafa ba tukuna, sai wajen 1750, bayan rasuwarsa.

Malam Muhammadu ya yi karatu wurin malamai da dama. Cikinsu akwai Muhammadu Alwali, mutumin Bagarmi, da kuma Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa hisabi da ilmin hatimi. Wajen 1730 ya tafi aikin hajji. Tafiyar wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce, da raƙuma ake yi da jakuna, a bi ayari wata da watanni, wani ma ba ya komowa gida. Shi ma bai komo ba. Bayan ya sauke farali ya zarce Misira, ya zauna a Alƙahira, birnin masallacin Azhar.

Ya rubuta wani littafi da Larabci mai suna Bahjatul Afaƙi, a kan haruffa da hatimi. Hatimi zane ne mai gida-gida, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, kowane gida da lambarsa. Malaman da, har shi kansa, sun ɗauke shi ilmin asiri, suna sa shi cikin layu. Ba shi ya ƙago shi ba kuma, gama mutanen Sin da Larabawa sun san shi tun da daɗewa. Aikin da ya yi shi ne bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, kamar 3 da 5 da 7, yadda almajiri zai bi daki-daki ba da lalube ba. Lissafin da ke ciki kuwa gaskiya ne, kowane yaro yana iya gwada shi a kan allo.

Ku zana gidaje 9, uku-uku. A jeri na sama ku rubuta 4, 9, 2. A na tsakiya 3, 5, 7. A na ƙasa 8, 1, 6. To, ku tara kowane jeri, ko a kwance, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Kullum 15 za ku samu. Ga dalili. In aka tara lambobi daga 1 har 9, jimla 45 ce. Jeri uku ne za su raba ta daidai wa daida, saboda haka kowanne ya sami 15. Haka nan hatimi mai gidaje biyar-biyar: daga 1 zuwa 25 jimla 325 ce, a raba wa jeri 5, kowanne 65.

Amma ba sai an sha wahalar tara lambobi kowane lokaci ba. Akwai ƙa'ida guda wadda ta ɗauke su duka. A kira yawan gidajen jeri ɗaya da harafin n. Wannan harafi ba shi da lamba tasa ta kansa, yau ya zama 3, gobe 5, kamar kujerar baƙo. Sai a ninka n da kansa, a ƙara 1, a sake ninkawa da n, sa'an nan a raba biyu. In n ya zama 3: uku sau uku 9, da ɗaya 10, sau uku 30, rabinsa 15. In ya zama 4, amsa 34. In 6, amsa 111. In 7, 175.

Ƙa'ida irin wannan tana kama da injin niƙa. A zuba gero ta sama, gari ya fito ta ƙasa. Amma ba a zuba wa inji tsakuwa. Ba a yin hatimi mai gida biyu da rabi, don haka n ba ya zama gutsure. Abin mamaki shi ne lamba 2. Ƙa'ida ta ce amsarta 5 ce. To, ku gwada. Ku sa 1 da 4 a sama, 2 da 3 a ƙasa. A kwance an sami biyar-biyar, amma a tsaye 3 da 7 ne. Ko yaya kuka juya su ba za su daidaita ba. Ashe takarda tana iya ba da amsar abin da babu shi a duniya, sai mai lissafi ya lura da kansa. Lambobin da ke shiga su ne 3, 4, 5, har abin da ya yi sama. Amsoshin da ke fitowa su ma sanannu ne, 15, 34, 65, 111, da na gabansu. In wani ya ce ya cika hatimi tun daga 1 ba tsallake, jerinsa ya ba da 20, to, ya ɓata wani wuri.

Irin wannan tunani ne ake yi ran Alhamis a kasuwar Maigatari, ko da ba a rubuta harafi ba. A ce wani mutumin Sule Tankarkar ya kawo raguna 12, dillali kuma ya yanka la'adar naira 500 kan kowane rago. La'adarsa ita ce 500 sau n, n kuwa yawan ragunan da aka sayar. Ba a sayar da rabin rago da rai, ba kuma za a sayar da 13 ba tun da 12 aka kawo. Saboda haka n daga sifiri ne zuwa 12, la'ada kuwa daga babu zuwa naira 6,000. In dillali ya nemi 7,000, mai raguna ya san an cuce shi tun bai buɗe baki ba. Manomin riɗi a Gagarawa ma haka yake auna kwanonin da za su cika masa buhuna. Wannan fanni shi ake kira aljabara, sunan da aka samo daga littafin Alhawarizmi na Bagadaza, wajen shekara ta 820.

A Alƙahira Malam Muhammadu ya sauka gidan wani babban malami, Hasan Aljabarti, wanda shi ma ya ɗauki ilmin hatimi daga gare shi. Ba ƙaramin abu ba ne baƙo daga ƙasar Hausa ya koyar da malamin Misira a cikin gidansa. Ya rubuta waɗansu littattafai kuma, har da na nahawu da na manɗiƙi. A gidan nan ya rasu a 1741, watau 1154 ta Hijira, ya bar wasiyyar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin. Daga baya ɗan Hasan, Abdurrahman Aljabarti, ya zama babban marubucin tarihin Misira, ya sa labarin baƙon ubansa cikin littafinsa. Daga can ne aka sami yawancin abin da aka sani game da shi.