Nana Asma'u: Malamar da ta nema wa matan da yaƙi ya ɗaiɗaita maganin zuciya

Matafiyin da ya taso daga Amarawa ta Illela ya nufi Sakkwato zai ratsa ƙasar Gwadabawa, inda Ɗegel take. A nan aka haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1793. An fi saninta da waƙa da karantar da mata, amma akwai aikinta da ba a cika ambato ba, wato kula da mutanen da tsoro da baƙin ciki suka kwantar ba tare da an ga rauni a jikinsu ba.

Ita kanta ta san wannan ciwo. Tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu. Ba ta wuce shekara 11 ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta bi jama'a cikin yunwa da fargaba. A ƙarshen wannan shekara aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda aka kashe kimanin mutum 2,000 daga jama'ar Shehu, ciki har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, da kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836, an kwaso mata da yawa daga Gobir da maƙwabtanta zuwa Sakkwato da Wurno da ƙauyukan kewaye. Wata an kashe mijinta, wata an raba ta da 'ya'yanta, ga baƙin gida ga sabon uban gida. Abin da waɗannan mata suka sani na maganin firgita da rashin barci da ciwon da ba a gane kansa ba shi ne bori: a buga garaya, a kaɗa ƙwarya, mai ciwo ta yi rawa har ta faɗi, 'yan uwanta mata na kewaye da ita. A Gobir har sarauta gare shi, domin Inna, babbar mace daga gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori.

Malaman jihadi sun ɗauki bori a matsayin shirka, kuma Asma'u ba ta sassauta a kan wannan ba. Sai dai ta fahimci abin da wa'azi kaɗai bai isa ya gyara ba. Idan aka hana mace wurin da take zuwa ta yi kuka a cikin jama'a ba a ba ta wani ba, to za ta koma ko da a ɓoye ne.

A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattaro falalar surorin Alƙur'ani da lalurorin da ake karanta su dominsu. Jerin lalurorin ya nuna wa take tunani: naƙuda, ciwon kai, damuwa, talauci, tsoron azzalumin mai mulki, hatsarin tafiya. Ba ta ware ciwon jiki gefe guda ta ajiye na zuciya a wani gefen ba. Ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basir da na ido, don haka gidan ba baƙon wannan fanni ba ne.

Littafin Larabci kuwa sai malamai. Abin da ya isa ƙauye shi ne tsarin 'Yan Taru da ta kafa a shekarun 1830. Takan zaɓi dattijuwa mai amana ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta ɗaura jan ƙyalle a kai. Masu nazarin tarihinta sun lura cewa irin wannan alama ce ta girma da aka san Innar Gobir da ita, wato dai ta ɗauki abin da matan suka saba girmamawa ta ba shi sabuwar ma'ana. Jaji kan taso da tsofaffi da 'yan mata a ƙasa, su yi tafiyar kwanaki zuwa wurin Asma'u, ɗauke da zuma da man shanu da hatsi na sadaka. Su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, su koma gida suna rera su tare a tsakar gida. Aikin jaji bai tsaya a karatu ba, har da jinyar marasa lafiya da wankan gawa da sasanta mata.

A yau masu jinyar waɗanda suka tsira daga yaƙi a Turai da Amurka suna magana kan numfashi, motsa jiki, rera abu tare da zama cikin ƙungiya, saboda sun gano cewa firgici yana zama a jiki, ba a tunani kawai ba. Ba daidai ba ne a mayar da Asma'u likitar ƙwaƙwalwa, ba ta kuma yi wannan iƙirari ba. Wanda ciwonsa ya yi tsanani asibiti ne wurinsa, kamar na masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware. Amma ga matan Isa da Sabon Birni da Goronyo da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, tambayar da ta fuskanta tana nan: bayan buhun shinkafa da tabarma, wa zai zauna da su?

Nata baƙin cikin ma a waƙa ta zuba shi. Ta yi wa Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Abin da ya fi jan hankali shi ne ta yi wa matan da ba su da sarauta, irin su maƙwabciyarta Halima, da Zaharatu wadda ke tsayawa kan masu naƙuda.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da naɗa jajoji bayanta.