Likita Mila na Zariya: Baturen da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa

A shekarar 1952 wani tsohon Bature mai shekara 80 ya rasu a Bukuru, kusa da Jos. Sunansa Walter Miller, amma a ƙasar Zazzau an fi saninsa da Likita Mila. Ya shigo ƙasar Hausa yana saurayi, da burin ganin Hausawa sun karɓi addinin Kirista. Wannan buri bai cika ba, domin waɗanda suka bi shi 'yan kaɗan ne. Duk da haka, Kiristan da ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a yau, ko a Maraɗi yake, ko a Garwa, ko a zangon Kumasi, yana cin moriyar aikin da wannan mutum ya jagoranta. Tambayar da ta bi shi tsawon rayuwarsa kuma tana nan ba ta tsufa ba: mutum zai iya riƙe addinin da ba na galibin danginsa ba, ya kuma ci gaba da zama cikakken Bahaushe?

Daga Ingila zuwa Tarabulus

An haifi Miller a shekarar 1872 a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Angalika, wadda aka fi sani da CMS. A wancan lokaci sunan Hausa ya riga ya kai Turai. Wani Bajamushe mai suna Schön ya yi shekaru yana rubuta harshen da taimakon Dorugu, wani yaro da aka kai Ingila, shi kuma Charles Robinson ya ziyarci Kano a tsakiyar shekarun 1890 ya koma ya wallafa ƙamus.

Miller bai tsaya ga littattafan nan kaɗai ba. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ta Libiya, inda fatake da alhazai Hausawa ke yada zango bayan sun ratsa Sahara. A bakinsu ya koyi harshen. A can ne kuma ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid, wanda ke kan hanyar zuwa Makka. Daga baya yaron ya dawo hannunsa, ya riƙe shi kamar ɗa, ya kuma zama cikin manyan mataimakansa.

Korar da aka yi musu daga Kano

A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci tawagar mutum biyar daga Legas zuwa Kano, Miller na cikinsu. Sun ɗauka za a yi musu marhabin. Sarkin Kano Alu Babba ya gana da su, ya ƙi ba su izinin zama, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga garinsa. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, rashin lafiya kuma ta tarwatsa sauran. Shi ma Miller sai da ya koma gida jinya kafin ya sake dawowa.

Shakkun da Sarkin Kano ya nuna ba a banza ba ne. Shekara uku bayan haka, a 1903, sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Dubban mutane suka zaɓi hijira zuwa gabas a kan zama ƙarƙashin Nasara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai sauran jama'ar har Sudan, inda suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Su da alhazan da suka biyo sawunsu ne tushen Hausawan da ke zaune yau a Sinnar da yankin Gadarif. Ke nan a daidai lokacin da Miller ke neman hanyar shiga ƙasar Hausa, wasu 'ya'yanta ficewa suke yi don gudun mutanen ƙasarsa. Wannan ya bi shi har ƙarshe: a idon mafi yawan jama'a, ɗan mishan da joji da soja duk kanwar ja ce.

Zama a cikin ganuwa

Abin mamaki shi ne, su kansu Turawan mulki ba su yi maraba da shi ba. Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, don haka gwamnati ta taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi. Amma a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Miller ya samu wuri a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Ya daɗe yana zaman ɗan mishan da ba shi da na biyu a cikin ganuwar wani babban birnin masarauta.

Ya so ya kafa makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai, Lugard ma ya nuna sha'awa, amma iyaye suka gane cewa karatun ba zai rabu da bishara ba, shirin ya watse. Gwamnati ta miƙa aikin ga Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. A wani fannin kuwa maganar Miller ta yi tasiri: yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati ta riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko maimakon ajami. Wasu na ganin wannan ya buɗe wa harshen ƙofar ɗab'i da jarida, wasu kuma na ganin ya mayar da malaman da suka iya ajami tamkar jahilai a ofisoshin gwamnati. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya.

Miller mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai. Ya yi ta kai ƙarar hakimai da fadawa kan zaluntar talakawa, ya kuma soki tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da ake ambatawa idan ana maganar tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda aka kai Lakwaja. Wannan ya sa masarauta da gwamnati duka suka ɗauke shi ƙaya a ƙafa.

Isawa da annobar Gimi

Babban abin da ya faru a aikinsa ba shi ya nemo shi ba, shi ne ya zo ya same shi. Tun a ƙarni na 19 wani malamin Kano, Malam Ibrahim, ya tara almajirai yana ba Annabi Isa (AS) wani matsayi na musamman, bisa abin da ya fahimta daga karatun Alƙur'ani, ba daga bakin wani ɗan mishan ba. An kashe shi a Kano, mabiyansa suka watsu zuwa Ningi da gabashin Zazzau, ana kiransu Isawa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller a Zariya suna neman ƙarin bayani.

Waɗanda suka karɓi Kiristanci a cikinsu aka kafa musu gari a Gimi, ƙarƙashin wani fasto baƙar fata daga yankin Karebiyan, W. A. Thompson. Garin ya fara bunƙasa da gonaki da makaranta, sai ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa ya faɗa masa. Cikin 'yan shekaru mutane da yawa suka mutu, aka kwashe sauran, musamman yara, zuwa Zariya. Waɗannan marayu da 'yan makarantar birni su ne tushen al'ummar Hausawa Kiristoci na Zazzau.

A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, bayan ganuwa. A can aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, bisa salon magina Hausawa, aka kuma kafa makaranta da asibitin St Luke. Miller bai ji daɗin barin birni ba, ya koma Kano ya duƙufa kan fassara.

Kalma ɗaya, muhawarar shekaru

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a Landan. Miller ne ginshiƙin aikin, tare da 'yan mishan na ƙungiyoyin SIM da SUM da kuma mataimaka Hausawa, waɗanda su ne ma'auni wajen tantance abin da kunnen Bahaushe zai karɓa.

Wahalar aikin ba ta nahawu ba ce, ta aƙida ce. Kalmomin ibada na Hausa sun daɗe da jiƙa da Musulunci: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, Zabura, Linjila. Idan mai fassara ya ɗauke su, masu sauraro za su ji su da ma'anar da suka saba. Idan ya guje su, littafin zai fito kamar baƙo. Masu fassarar sun riƙe sunan Allah da Ubangiji, amma suka zaɓi Yesu a maimakon Isa, abin da ya ja layi tsakanin yadda addinan biyu ke kallonsa. Har gobe fastocin Hausa na fama da irin wannan zaɓi a huɗubarsu da waƙoƙinsu da shirye-shiryen rediyo: ina za a tsaya tsakanin kusantar maƙwabci da kare abin da aka yi imani da shi?

Littafin ya yi nisan da mai shi bai zata ba. Cikin Hausawa Musulmi bai samu karɓuwa sosai ba, amma ya zama littafin ibada na ƙabilu da dama a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, inda Hausa ta zama harshen majami'a. Ya tsallaka iyaka zuwa Nijar, inda SIM ta zauna a Damagaram a 1924, daga baya a Tsibiri kusa da Maraɗi. An yi kusan shekara hamsin ana amfani da shi kafin sabuwar fassara ta fito.

Abin da ya bari

Miller ya bar CMS a 1935, amma zaman Ingila bai karɓe shi ba, ya dawo Najeriya. Ya rubuta littattafai da dama, ciki har da na 1947 wanda takensa ke tambaya ko Turawa sun gaza a Najeriya.

'Yar ƙaramar al'ummar da ya reno ta haifar da mutanen da suka fi yawanta nauyi. Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, sunansa kuma yana kan babban asibitin Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi.

Waɗannan mutane sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan uwansu Musulmi, da Hausa a bakinsu, wasunsu ma da dangin jini a masallaci. Zuriyarsu na nan a Wusasa, suna ibada da Hausa, suna raɗa wa 'ya'yansu sunayen Hausa, amma har yanzu sukan gamu da mai tambayarsu ko su Hausawan gaske ne. Bahaushen Gadarif da ake tambaya ko shi ɗan Sudan ne na gaske, ko na Kumasi da ake yi wa kallon baƙo a garin da aka haifi kakansa, ya san nauyin irin wannan tambaya.