Tadahito Mochinaga: Bajapanen da ya hura wa barewar Kirsimetin Amurka rai

A ranar 6 ga Disamba, 1964, tashar talabijin ta NBC ta nuna wani shirin Kirsimeti na 'yan tsana mai suna Rudolph the Red-Nosed Reindeer, labarin ɗan barewar da 'yan'uwansa suka tsangwama saboda jan hancinsa. Tun daga lokacin ake maimaita shi kowace shekara, har Amurkawa suka ɗauke shi gadon gidansu. Sai dai hannayen da suka motsa 'yan tsanan a Tokyo suke, ƙarƙashin jagorancin Tadahito Mochinaga.

An haife shi a Tokyo a 1919, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Manchuria, arewa maso gabashin Sin. Ya koyi sana'ar zane mai motsi a hannun Mitsuyo Seo, har ya sa hannu a wani fim ɗin farfagandar yaƙi a 1943. A 1945 ya koma Manchuria aiki, kuma can faɗuwar Japan ta riske shi. Bai gudu ba. Ya zauna cikin mutanen da ƙasarsa ta zalunta, suka raɗa masa suna Fang Ming, ya taimaka wajen aza harsashin finafinan zane na sabuwar Sin, daga arewa maso gabas har Shanghai. Sai a 1953 ya dawo gida.

A Tokyo ya duƙufa kan fim ɗin 'yan tsana, aikin da ke cin rai: a ɗan gusa kan 'yar tsana ko ƙafarta, a ɗauki hoto guda, a sake gusawa, kuma sai an tara hotuna 24 kafin a cika daƙiƙa ɗaya. Wannan ƙwarewa ce ta jawo Arthur Rankin da Jules Bass daga New York. An naɗi muryoyin Rudolph a Toronto, motsin kuwa aka bar wa kamfanin Mochinaga, MOM Production. Kafin ya fara, sai da ya je garin Nara ya zuba wa barewarsa ido, don ya ga yadda suke taku da juya wuya.

Shirin farko ya bar baya da ƙura. Barewar ta yi wa wasu kayan wasan yara da aka yasar a wani tsibiri alkawarin ceto, labari ya ƙare ba a waiwaye su ba. Masu kallo suka yi ta rubuto wasiƙun ƙorafi, shi ya sa aka sauya ƙarshen a 1965.

A jerin sunayen ma'aikata an taƙaita nasa zuwa Tad, wanda a ganina ƙaramin tukuici ne ga mai wannan wahala. Ɗalibansa, irin su Kihachiro Kawamoto, su suka riƙe sana'ar a Japan. Ya rasu a 1999 yana da shekara 80. A 2020 aka yi gwanjon biyu daga cikin 'yan tsanan shirin, Rudolph da Baban Kirsimeti, a kan dala 368,000.