Al-Kashnawi: Bakatsinen da ya shahara a lissafin hatimi

Hatimin da malaman zaure ke zanawa a allo, daga Danja har Malumfashi, yana ɗauke da lissafi mai zurfi. Gwaninsa shi ne Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin Katsina da ya tafi Hajji, ya zarce Misira. A 1732 ya rubuta yadda ake cika hatimi: a ajiye 1 a gida guda, ƙa'ida ta nuna mazaunin sauran lambobi, har jimillar kowane layi ta zo ɗaya. A mai gida tara, 15 ce. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti. Masana kwamfuta na nazarin irin wannan a yau: yadda ɗan mafari da ƙa'ida ke haifar da babban zane.