Joseph Cardijn: Limamin da Ya Sadaukar da Rayuwarsa ga 'Yan Ƙwadago

Gabatarwa

Duk wanda ya san tarihin Makera da Kakuri, a kudancin kogin Kaduna, ya san masaƙu ne suka raya su. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles samari suka yi ta kwararowa neman aiki. A wannan shekara ce kuma matasa ma'aikata fiye da 30,000 daga ƙasashe daban-daban suka taru a birnin Rum bisa kiran wani limamin Katolika ɗan Beljiyam mai suna Joseph Cardijn. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo taƙaitaccen tarihin wannan bawan Allah, domin ta hanyarsa a ga yadda ɗarikar Katolika ta fahimci darajar aikin yau da kullum.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Cardijn ranar 13 ga Nuwamba, 1882, a Schaerbeek, cikin yankin babban birnin Beljiyam, ya kuwa tashi a garin Halle. Iyayensa talakawa ne, mahaifinsa ɗan ƙaramin mai sayar da kwal. Tun yana yaro yakan ji tafiyar ma'aikata da asuba za su masana'antu, cikinsu har da yara sa'o'insa. Shi ma can ya kamata ya nufa, amma ya roƙi mahaifinsa ya bar shi ya yi karatun limanci. Tsohon ya yarda, ya ci gaba da wahala domin ɗansa ya yi ilimi.

Da ya dawo hutu, sai ya tarar abokansa da suka shiga masana'antu sun juya masa baya, domin a ganinsu coci ta masu kuɗi ce. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Lokacin da mahaifinsa ya rasu a 1903, sai ya yi alkawarin ba da rayuwarsa ga 'yan ƙwadago. An naɗa shi limami a 1906.

Gwagwarmayarsa

A 1912 aka tura shi unguwar Laeken, inda ya fara tara 'yan mata masu ɗinki yana koya musu sanin haƙƙinsu. Jamusawa sun ɗaure shi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan yaƙi, shi da wasu samari uku, Fernand Tonnet da Paul Garcet da Jacques Meert, suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Ƙungiyar Matasa Ma'aikata Kiristoci, wato JOC. Wasu manyan coci sun yi masa kallon mai raba kan jama'a, har sai da Paparoma Pius na 11 ya sa wa aikin albarka a 1925. A Yaƙin Duniya na Biyu aka sake kama shi, Tonnet da Garcet kuwa suka mutu a sansanin Dachau a 1945.

Tsarin tarbiyyarsa matakai uku ne: duba, auna, aikata. Matasa kaɗan za su zauna su duba halin da suke ciki a wurin aiki, kamar yawan sa'o'i da ƙarancin lada da haɗarin injuna. Sa'an nan su auna shi da koyarwar addininsu, kana su ɗauki matakin gyara da kansu. Paparoma John na 23 ya karɓi wannan tsari a cikin wasiƙarsa ta 1961.

Fahimtarsa Game da Aiki

Ra'ayin Cardijn ya ginu ne a kan tsohuwar koyarwar Katolika. A wurinsu an halicci ɗan Adam domin ya raya ƙasa, saboda haka aiki ba hukunci ba ne. Sun kuma yi imani cewa Yesu Almasihu ya yi yawancin shekarunsa yana aikin kafinta a Nazarat. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya yi kira da a biya ma'aikaci ladan da zai ishe shi riƙon iyali. Abin da Cardijn ya jaddada shi ne, teburin ma'aikaci da injinsa wurin ibada ne, kuma matashi ɗaya mai aiki ya fi dukan zinariyar duniya daraja. Ke nan darajar aiki daga mai yin sa take fitowa, ko mai shara ne ko manaja. Idan kuwa aiki ibada ne, to wulaƙanta mai yin sa laifi ne a gaban Allah.

Paparoma Paul na 6 ya naɗa shi kadinal a 1965. Ya rasu a watan Yuli, 1967, aka binne shi a Laeken inda ya faro. Paparoma John Paul na 2, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya ƙarfafa wannan koyarwa a wasiƙarsa ta 1981, inda ya fifita mutum a kan jari.

Kammalawa

Daga shekarun 2000 yawancin masaƙun Kaduna suka rufe, 'ya'yan masu saƙa suka koma acaɓa da dako da ƙananan sana'o'i. Bahaushe ya ce babu maraya sai raggo, don haka ƙima ga mai neman na kansa ba baƙon abu ba ne gare mu. Darasin da tarihin Cardijn ya ƙara mana shi ne, yabon mai aiki bai isa ba sai an biya shi haƙƙinsa, kuma ma'aikata da kansu ne za su fara duba halinsu, su auna, su tashi tsaye.