Tarihin Fada Hope Patten, Limamin Da Ya Raya Ziyarar Walsingham

A arewa maso gabas da birnin Landan, tafiyar mil fiye da 100, cikin lardin Norfolk na ƙasar Ingila, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Walsingham. Ƙauyen manoma ne, kamar mil 5 daga bakin teku, mazaunansa kuwa ba su kai 1,000 ba. Amma duk shekara dubban Kirista sukan nufo shi daga ko'ina don ziyara da addu'a. Cikin waɗanda suka jawo haka babu wanda ya kai wani limami mai suna Alfred Hope Patten, wanda ya riƙe cocin garin tun daga 1921 har ran da ya rasu cikin 1958.

Kafin mai karatu ya gane aikin wannan mutum, sai ya san abin da Walsingham take a zamanin da. Bisa labarin da mutanen wurin suka gada, cikin 1061 wata mace mai dukiya, Richeldis de Faverches, ta ga Maryamu uwar Yesu cikin wahayi, ta nuna mata ɗakin da ke Nazarat inda Mala'ika Jibrilu ya kawo mata bushara, ta umarce ta da ta gina irinsa a garinsu. Waɗansu masana tarihi suna ganin abin ya auku ne wajen ƙarni na 12. Ko ma dai yaushe ne, an gina ɗakin da katako, tsawonsa kamar ƙafa 23, faɗinsa kamar ƙafa 13, daga baya kuma masu zaman zuhudu suka kafa babban gidansu kusa da shi. Sarakunan Ingila, irin su Henry na 3 da Edward na 1, sun zo ziyara ba sau ɗaya ba. Masu ziyara da yawa sukan tuɓe takalmansu a wata ƙaramar majami'a da ke Houghton, su taka mil na ƙarshe ƙafa ba takalmi.

Shi kansa Sarki Henry na 8 ya taɓa zuwa. Amma da ya ɓata da Paparoma ya raba cocin Ingila da Roma, sai ya sa aka rushe gidajen masu zuhudu aka kwashe dukiyarsu. Cikin 1538 aka rushe na Walsingham, aka ɗauke siffar Maryamu da ke ɗakin aka kai Landan, inda aka ce an ƙone ta. Daga nan ziyara ta mutu, kusan shekara 400 ba abin da ya saura sai kango da labari.

Cikin 1833 waɗansu malaman Jami'ar Oxford, watau su John Keble da John Henry Newman da Edward Pusey, suka ta da wata da'awa cikin ɗariƙar Angalika. Abin da suke cewa shi ne cocin Ingila bai yanke daga asalinsa na da ba, saboda haka ya kamata a komo da tsofaffin ibadu da aka watsar. Mabiyansu suka komo da turaren wuta da kyandir da tufafin limamai na da, da furta zunubi gaban limami, da girmama Maryamu. Su ne ake kira 'yan Angalika masu bin tafarkin Katolika. Ba su bar cocinsu ba, ba su kuma shiga ƙarƙashin Paparoma ba, don haka suka sha suka daga ɓangarorin biyu.

Cikin wannan tafarki Hope Patten ya tashi. An haife shi ran 17 ga Nuwamba, 1885, a garin Sidmouth cikin lardin Devon, amma a Brighton ya yi ƙuruciyarsa, inda ya shaƙu da cocin St Michael, ɗaya daga cikin manyan majami'un wannan tafarki. Shi ba mutumin boko ba ne sosai. Jarrabawa takan firgita shi, har ta kan kwantar da shi rashin lafiya, da kyar ya gama makarantar koyon limanci ta Lichfield aka naɗa shi cikin 1913. Ya yi aikin mataimaki a wata unguwar talakawa ta Landan, sa'an nan a Teddington, sa'an nan a Buxted cikin lardin Sussex. A cocin Buxted ɗin nan akwai wani ɗan ɗakin addu'a da aka gina bisa awon tsohon ɗakin Walsingham, ya kuwa zauna masa a rai.

A farkon 1921 aka ba shi limancin Walsingham, yana da shekara 35. Majami'u 3 aka haɗa masa, ta Walsingham Ƙarama da ta Walsingham Babba da ta Houghton. Baƙo ne a garin, ba shi da mata, ba shi da dangi kusa, ba shi da wata dukiya. Abin da ya fara yi shi ne shiga gidajen mutane, ya zauna da su, ya san sunayen 'ya'yansu, ya jawo samari cikin hidimar coci. Sai da ya sami kan mutanen gari tukuna ya taɓa maganar ziyara.

A gidan ajiye kayan tarihi na Landan akwai tsohon hatimin gidan masu zuhudu na Walsingham, wanda ke ɗauke da zanen siffar nan da aka ƙone: Maryamu zaune bisa kujera da kambi a kanta, yaron a cinyarta, fure a hannunta. Fada Patten ya sa aka sassaƙa sabuwa da itace bisa wannan zane. Ran 6 ga Yuli, 1922, aka kafa ta a wani sashe na cocin St Mary, watau cocin garin, aka kunna kyandir a gabanta.

Tun daga wannan lokaci ya kafa wata al'ada wadda ita ce ginshiƙin aikin duka. Kowace yamma shi da 'yan mutanen da suka samu zuwa sukan taru a gaban siffar su ja carbi irin nasu, tsakanin jan carbin kuma a karanta buƙatun mutane ɗaya bayan ɗaya. Da farko buƙatun mutanen gari ne. Da labari ya bazu sai wasiƙu suka fara zuwa daga nesa, daga mai majinyaci a asibiti, da wanda ya rasa aiki, da uwar da ɗanta ya tafi wata ƙasa ya daina rubutu, da wanda aka yi wa rasuwa bai sami zuwa jana'iza ba. Yawancin masu wasiƙun nan ba su taɓa ganin Walsingham ba, waɗanda ke karanta sunayensu kuwa ba su san fuskarsu ba. Duk wanda ya taɓa zama nesa da gida ya san daɗin jin cewa akwai inda ake ambaton sunansa kowace yamma.

Cikin 1923 ayarin masu ziyara na farko ya iso ta jirgin ƙasa. Ba masauki a garin, sai mutanen ƙauye suka buɗe ɗakunansu suka sauke baƙi. Cikin 1925 aka kafa ƙungiyar masu ƙaunar wurin, waɗanda suka ɗauki alkawarin yin addu'a kullum duk inda suke.

To, abin bai yi wa kowa daɗi ba. Da yawa cikin 'yan Angalika suna ganin wannan bautar gunki ce, kuma komawa ce ga abin da kakanninsu suka bari. Masu ziyara kuwa suna cewa su ba itace suke bauta wa ba, siffar tuni ce kawai, roƙonsu ga Allah yake, Maryamu kuwa taya su roƙo suke nema ta yi. Cikin 1930 Bishop na Norwich, Bertram Pollock, wanda Walsingham ke ƙarƙashinsa, ya nemi a fitar da siffar daga cocin. Matsayin Fada Patten ya zama mai wuya. In ya ƙi, ya yi wa shugabansa tawaye. In ya bi kawai, aikin shekara 8 ya rushe.

Sai ya amsa zai fitar da ita, amma zuwa wani wuri da ba ya ƙarƙashin hukuncin Bishop. Wani mai hali cikin magoya bayansa, Sir William Milner, ya sayi fili daura da kangon tsohon gidan masu zuhudu. A nan aka gina sabon ɗaki bisa awon na da, aka rufe shi da wata ƙaramar majami'a. Ana cikin haƙa harsashi sai aka tarar da wata tsohuwar rijiya da aka binne, aka yashe ta, ruwa ya fito. A jikin dutsen harsashi Fada Patten ya sa aka rubuta da Latin sunan Paparoman zamanin, Pius na 11, tare da na Bishop Pollock. Da Bishop ya ji, ya ce a cire nasa.

Ran 15 ga Oktoba, 1931, aka ɗauko siffar daga cocin gari, aka ratsa titin ƙauyen da ita cikin jerin gwano har sabon ɗakin. Wanda ya shugabanci bikin shi ne Bishop Mowbray O'Rorke, wanda ya riƙe Akara ta ƙasar Gana daga 1913 zuwa 1924 kafin ya koma Norfolk da zama. Aka danƙa wurin a hannun wata majalisar amintattu ta limamai da waɗanda ba limamai ba, don kada ya mutu da mutuwar mutum ɗaya. Cikin 1938 aka faɗaɗa majami'ar, aka yi mata ƙananan wuraren addu'a 15. Su ma Katolika na Roma, cikin 1934, suka mai da majami'ar nan ta tuɓe takalmi da ke Houghton wurin ziyararsu na ƙasa baki ɗaya.

Rijiyar nan ta shiga cikin ibadar wurin. Mai ziyara yakan sauka 'yan matakai zuwa bakinta, limami ya ba shi ruwan ya kurɓa, ya shafa masa alamar gicciye a goshi, sa'an nan ya zuba masa a tafin hannu. Masu ciwo sukan zo musamman saboda wannan, waɗansu kuma su ɗebi ruwan su kai wa majinyata a gida.

Lokacin Yaƙin Duniya na 2 gwamnati ta taƙaita zirga-zirga a yankin saboda kusancinsa da teku, masu ziyara suka ragu ƙwarai. Addu'ar yamma ba ta tsaya ba, sai ma wasiƙu na iyalan soja suka ƙaru a kanta. Cikin waɗannan shekaru kuma Fada Patten ya riƙe gidan marayu a garin.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaida ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Yana da kafiya, abin da ya ƙudura shi za a yi, kuma yakan yi ta fama da rashin lafiya har ya bar gari na tsawon watanni. Ya yi ƙoƙarin kafa ƙungiyar masu zaman zuhudu a wurin, ba ta yi ƙarko ba. Shekara da shekaru manyan cocinsa suna kallonsa a kaikaice, yawancin bishop-bishop ba sa taka ƙafa wurin.

Cikin 1958 bishop-bishop na Angalika daga ƙasashen duniya suka taru a Landan don babban taronsu na Lambeth, waɗansu daga cikinsu kuma suka zo Walsingham ziyara a ƙungiyance. Ran 11 ga Agusta, da yamma, yana gama ibada a gabansu sai ya yanke jiki ya faɗi. A daren nan ya rasu, yana da shekara 72. Aka binne shi a makabartar cocin St Mary, inda ya fara kafa siffar shekara 36 da suka wuce.

Cikin Yuli 1961 gobara ta cinye cocin St Mary ɗin, aka sake gina shi. Siffar ta tsira, domin tun 1931 tana sabon ɗakinta, albarkacin umarnin nan na Bishop Pollock. Cikin 1980 Robert Runcie, Babban Bishop na Kantabari kuma shugaban cocin Ingila, ya zo da kansa ya halarci babbar ziyarar shekara, ko da yake masu adawa sun tsaya a dandalin gari suna ɗaga allunansu. Cikin 2022 aka cika shekara 100 da kafa siffar. Har yanzu in ƙarfe 6 na yamma ta yi, akan taru a majami'ar a ja carbi, a karanta sunayen waɗanda suka aiko da buƙatunsu.